Ƴan mishan ɗin Mormon a Nima: sun ƙi shayinmu, sun tafi da labarinmu

A bara na je Akra, babban birnin Gana, wanda tsofaffinmu har gobe suke kira Ankara. Suna ne ya kai ni. Matar ɗan kawuna ta haihu, shi kuwa kawu, wanda ya bar wani ƙauye na yankin Galmi tun yana saurayi ya faɗa fataucin albasa, ya kafe sai wani daga gida ya zo ya ga jikan da idonsa. Ni aka tura, wai ni ne ɗan jarida, ni zan iya kawo labari.

An yi sunan a unguwar Nima, inda in ka rufe ido ka saurari hayaniyar titi sai ka rantse a Maraɗi kake. Da hantsi, bayan an yanka rago, sai ga wasu Turawa biyu, miji da mata, dukansu furfura fat. Mijin na sanye da farar riga da laƙataye cikin wannan zafin, matar da doguwar riga ta atamfa. Kowanensu ya maƙala wani ɗan allo baƙi a ƙirji mai ɗauke da sunansa da sunan cocinsu. Ɗan kawuna direba ne, yakan kai su wurare, shi ya gayyace su, su kuma suka amsa. Suka cire takalma ba tare da an ce su cire ba. Mijin ya zauna a tabarma da ƙyar, gwiwa na ƙara.

Sai aka zo kan shayi. Matasa sun ɗora buta tun da safe, aka zuba na farko, mai ɗacin nan, aka miƙa wa baƙi. Suka ɗora hannu a ƙirji, suka yi godiya, suka ƙi karɓa. Kawu ya dube ni ya ce, “Kai ɗana, tambaye su, ko likita ne ya hana su sukari? A yi musu marar sukari.” Ɗan kawuna ya ce, “Baba, addininsu ne ya hana.” Kawu ya yi shiru, ya ce shi dai ya ga addinin da ya hana giya, ya ga wanda ya hana naman alade, amma yau ya fara ganin wanda ya hana shayi. Aka kawo musu zoɓo, suka shanye har da neman ƙari.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani ƙaramin littafi da matar ta fitar daga jaka. Tun da ta zauna take rubutu. Ta tambayi dalilin da ya sa ake jiran kwana 7 kafin a raɗa suna. Ta tambayi aikin wanzami. Ta tambayi shekarar da kawu ya zo Gana, da irin motar da ya shigo, da kuɗin buhun albasa a lokacin. Da na gaya mata, da ɗan Ingilishina na lakwal, cewa tuwo zafi da koko da ƙosai da waken da take ci a titunan Akra duk sunayensu daga Hausa suke, sai ta ce in harhaɗa mata su harafi bayan harafi. Ta ce kowane mako tana aika wa jikokinta wasiƙa, kuma idan sun koma gida za ta haɗa wasiƙun su zama littafi na iyali.

Wato kafin mako ya zagayo, wasu yara a Amurka sun karanta tarihin kawuna. Jikokinsa kuwa, har da wanda aka raɗa wa suna ran nan, ba su da ko layi ɗaya a rubuce game da shi. Ni da aka turo in kawo labari, hotunan rago kawai na ɗauka.

Ga wanda bai san su ba, domin a Nijar ba kasafai ake gamuwa da su ba: Mormon laƙabi ne, ya fito daga sunan littafinsu da suke haɗawa da Baibul. Sunan da suke kiran kansu, in an fassara, shi ne Majami'ar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Ƙarshen Zamani, kuma tun 2018 shugabanninsu suka nemi a daina kiransu da laƙabin. Joseph Smith ya kafa cocin a 1830 a jihar New York. An kashe shi a 1844, sai Brigham Young ya ja mabiya zuwa yamma, suka sauka a kwarin Salt Lake a 1847, inda yau take jihar Yuta, kuma can hedkwatarsu take. Ba su shan giya, ba taba, ba kofi, ba shayi. Suna ba da kashi 10 cikin 100 na abin da suka samu. Suna azumi a Lahadin farko ta kowane wata, su ba da kuɗin abincin ga mabuƙata. Da can suna auren mace fiye da ɗaya, cocin ya sanar da daina hakan a 1890. Suna cewa yawansu ya haura miliyan 17 a duniya.

An fi sanin samarinsu masu fararen riguna da ke yawo bibbiyu. Amma akwai wani rukuni na tsofaffi, miji da mata da suka yi ritaya, da kan bar gida na wata 6, ko shekara, ko wata 18, wasu har kusan shekara 2. Ba a biyansu albashi, daga fanshonsu suke ci da kansu. Wasu aikin ofis suke, wasu koyarwa, wasu ayyukan agaji irin su rijiyoyi da kekunan guragu da horar da ungozoma. Irinsu ne baƙin kawuna.

Da na dawo na bi diddigin yadda cocin ya shigo Afirka ta Yamma, sai na tarar ashe irin waɗannan tsofaffin ne suka buɗe ƙofar. A watan Nuwamban 1978 wasu ma'aurata huɗu suka sauka a Najeriya: Rendell Mabey da matarsa Rachel, da Edwin Cannon da matarsa Janath. Cikin kusan shekara ɗaya da suka yi tsakanin Najeriya da Gana sun yi wa mutane kimanin 1,700 baftisma. Mabey ya rubuta littafi kan tafiyar, sunansa Brother to Brother, ya fito a 1984. Wanda ya tsaya a wannan adadin zai ɗauka tsofaffin nan wasu gwanayen wa'azi ne da ba a taɓa gani ba. Mutum huɗu, ba su jin harshen ƙasa, ba su san hanya ba, a shekara guda su tara jama'a haka?

Gaskiyar maganar, sun tarar da tuwo a dafe ne. Tun shekarun 1950 mutane a kudancin Najeriya da Gana ke cin karo da ƙasidun cocin, suna rubuta wasiƙu zuwa Salt Lake suna roƙon a aiko musu littattafai da malamai. Wasu ba su jira amsa ba, suka kafa majami'unsu da sunan cocin. Akwai wani malamin makaranta ɗan ƙabilar Ibo, Anthony Obinna, a yankin Mbaise na jihar Imo. Ya ce ya yi mafarkin wani babban gini, daga baya, lokacin yaƙin Biyafara yana ƙunshe a gida, ya ga hoton ginin a wata tsohuwar mujallar Reader's Digest: haikalin Salt Lake ne. Ya fara rubuta wasiƙu a 1971. Da ƴan mishan suka lalubo ƙauyensu da tambaya, sun iske gini da sunan cocin a rubuce a bango. Ranar 21 ga Nuwamban 1978 aka yi masa baftisma a rafi tare da wasu mutum 18, aka naɗa shi shugaban reshe. A Gana kuma akwai Billy Johnson, wanda ya samu littafin Mormon a 1964, ya bar aikinsa, ya yi ta kafa majami'u a yankin Cape Coast. Shekara 14 yana jiran baƙin da ba su zo ba.

Me ya hana su zuwa? Nan ne labarin ke da ɗaci. Tun zamanin Brigham Young, a 1852, cocin ya haramta wa baƙar fata riƙe matsayin limanci da shiga ibadun haikali. A cocin da kusan kowane namiji baligi ke da wannan matsayi, hana shi daidai yake da a ce maka ka shigo gida amma ka tsaya a zaure. Cocin ya aiko wani jami'insa, LaMar Williams, Najeriya a 1961 don ya duba. A 1963 wani ɗalibi ɗan Najeriya da ke karatu a Amurka ya gano koyarwar cocin kan launin fata, ya rubuta ta a jaridar Nigerian Outlook, gwamnati ta ƙi ba ƴan mishan ɗin biza ta zama. A 1965 aka janye shirin, sai juyin mulki da yaƙi suka biyo baya. Sai a watan Yunin 1978 shugaban cocin na lokacin, Spencer Kimball, ya sanar da ɗage haramcin. Billy Johnson a rediyon BBC ya ji labarin, cikin dare. Bayan wata 5 tsofaffin nan huɗu suka iso. A 2013 cocin ya fito a rubuce ya nesanta kansa daga bayanan da aka riƙa kare haramcin da su, irin zancen la'ana a kan baƙar fata.

Ku lura da ɗalibin nan. Maƙala ɗaya ya rubuta, da alƙalaminsa, a jaridar ƙasarsa, ta sauya shawarar gwamnati. Ban ga wurin da aka ce ya ɗauki ashana ba. Na faɗi haka ne saboda mu da muka ga abin da ya faru a Damagaram da Yamai a watan Janairun 2015, lokacin da aka ƙona coci-coci na maƙwabtanmu ƴan ƙasa kan zanen da wata jarida ta yi a Faransa, ya kamata mu san wace hanya ce ke haifar da ɗa mai ido.

Da baƙin suka zo, ba tarba kawai aka yi ba, an yi asara ma. Majami'un da ƴan Afirka suka gina da kansu suna da ganguna da tafi da rawa, wasu mata ne ke jagorantarsu. Tsarin Salt Lake bai san wannan ba. Aka ajiye ganga, aka kawo waƙoƙin da aka rubuta don fiyano, matan da ke shugabanci suka koma ƙungiyar mata, wasu suka yi fushi suka fita. A idon matafiyin, wannan gyara ne. Da matar da aka sauke daga kan mumbari ce ta riƙe alƙalami, da wata kalmar za ta zaɓa.

Sannan aka gwada wa ke riƙe da cocin da gaske. Ranar 14 ga Yunin 1989 gwamnatin Jerry Rawlings ta dakatar da ayyukan Mormon da na Shaidun Jehobah a Gana, ta kori ƴan mishan na waje, aka rufe majami'u. Kusan shekara ɗaya da rabi aka yi a haka. Turawa suka hau jirgi, ƴan Gana suka ci gaba da ibada a ɗakunansu ƙarƙashin jagorancin wani likita, Emmanuel Kissi. Shi wannan likitan daga baya ya zauna ya rubuta tarihin da kansa, littafin Walking in the Sand, wanda ya fito a 2004, shekarar da aka buɗe haikalin Akra. Na Aba a Najeriya ya biyo baya a 2005. Yau, bisa alƙaluman cocin, mabiyansa sun haura dubu 200 a Najeriya, a Gana kuma sun kai dubu 100. Tsakanin littafin baƙo da littafin ɗan gida shekara 20 ce. A cikin shekarun nan 20, mai son sanin abin da ya faru, galibi ta bakin baƙo ya ji shi.

Kada wani ya ce ina tallar addinin mutane. Ni Musulmi ne, abin da suka yi imani da shi game da annabci bayan Annabi Isa da littafinsu ba nawa ba ne, kuma Kiristocin Nijar da na sani, Katolika da ƴan Bishara, su ma ba su yarda da shi ba. Ba na kuma cikin masu ganin farar fata su narke. Cocin nan attajiri ne na gaske, kuma a 2023 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 5, shi da kamfanin da ke juya masa dukiya, kan ɓoye girman jarin da ya kai dala biliyan 32. Wanda ya haƙa maka rijiya yana sanye da sunan cocinsa a ƙirji, ya san abin da yake yi. Ya halatta ka sha ruwan, ya kuma halatta ka buɗe ido.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai abin da na gani wurin tsofaffin nan da ya ba ni kunya. Mutum ya haura shekara 65, yana da gida da jikoki da likitansa, ya kwashi matarsa su tafi ƙasar sauro, da kuɗinsu. Tare suka zo, wannan ma abin dubawa ne. Mu ma muna da masu fita don addini da guzurinsu, ƴan da'awa na kwana 3 da kwana 40 da wata 4, ba mu rasa wannan zuciyar ba. Sai dai sau nawa ka ga dattijo da dattijuwarsa sun fita tare, suna zaune gefe da gefe a gidan baƙi, ita ke tambaya shi ke riƙe mata jaka? Manyan ma'aikatanmu da suka yi ritaya, likitoci da malaman lisa da injiniyoyin noma, nawa ne suka koma ko da garinsu na wata 6 su koyar kyauta? Yawanci ana zaune a Yamai ana jiran a kira mutum wani kwamiti.

Rubutun ma ba halin matar nan kaɗai ba ne, tarbiyya ce. Cocin na horon mabiyansa su riƙe littafin tarihin rayuwarsu, su san sunayen kakanninsu. Suna da wata hukuma, FamilySearch, wadda ke cikin mafi girman rumbunan tarihin zuri'a a duniya, da wata ma'ajiya da aka fafe cikin dutse kusa da Salt Lake. Shekaru ke nan suna ɗaukar ma'aikata a Gana da Najeriya da wasu ƙasashen Afirka, suna shiga ƙauyuka suna naɗar muryoyin tsofaffi masu haddace asalin dangi. Dalilin na addini ne: sun yi imani mai rai na iya karɓar baftisma a haikali a madadin mamaci, shi kuma mamacin ya karɓa ko ya ƙi a can. Ƙa'idarsu ta ce mutum ya gabatar da sunayen danginsa ne, amma an sha rigima a kai, har sai da suka yi yarjejeniya da ƙungiyoyin Yahudawa a 1995 bayan an gano sunayen waɗanda ƴan Nazi suka kashe a cikin jerin. Don haka duk ɗan ci-ranin da aka zo wa da na'urar naɗar murya ana tambayarsa sunan kakan kakansa, yana da haƙƙin ya tambaya ina za a kai, me za a yi da shi, kuma a ba shi kwafinsa. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne ya yi fushi don wani ya ɗauki abin da shi ya bari a ƙasa.

Mu fa matafiya ne tun kafin a haifi Joseph Smith. Fataken goro sun bi hanyar Gwanja, zangunan Kumasi da Salaga shaida ne. Alhazan ƙafa sun ratsa Cadi da Sudan, wasu shekaru suka yi a hanya, wasu can suka zauna har jikoki. Yau muna Abijan da Kwatano da Legas, muna Tamanraset da Sabha, muna Jidda, muna Brussels, muna Greensboro a Amurka. In ana maganar sanin al'adun mutane, mai sayar da shayi ɗan Tawa da ya yi shekara 15 a Abijan ya fi kowane ɗan mishan na wata 18 sanin ƙasar. Ya san ta daga ƙasa: ya san ɗan sanda, ya san mai gidan haya, ya san ranar da ake kiransa ɗan'uwa da ranar da ake kiransa baƙo. Ina littafinsa?

Labarin tafiya mafi shahara da wani ɗan ƙasar nan ya bayar da Hausa a ƙarni na 19 shi ne na Dorugu, yaron yankin Damagaram da aka kama bawa aka kai Barno. Bature Overweg ya ƴanta shi, ya bi Heinrich Barth har Tumbutu, ya isa Landan a 1855. Ya kalli Turawa da idon Bahaushe, ya bayyana har yadda suke zama cin abinci. Wa ya rubuta? Wani ɗan mishan, Schön, shi ya zaunar da shi ya ɗauki maganarsa, ta fito a littafin Magana Hausa a 1885. Ba don shi ba da Dorugu ya bi iska. Bayan shekara 100, samarin Nijar uku suka tafi ci-rani Gana a fim ɗin Jaguar, cikinsu har da Damouré Zika. Labarin nasu ne, kyamarar ta Jean Rouch ce. Oumarou Ganda ne ya nuna ana iya juya abin: ya fara da fitowa a fim ɗin Rouch yana ɗan dako a Abijan, ya dawo ya riƙe kyamara da kansa ya yi Cabascabo, labarin sojan da ya dawo daga yaƙin Indocin, wato labarinsa. Irinsu Ganda ba su da yawa.

Illar wannan shirun ba ta tsaya ga alfahari ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara, galibi daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya. Duniya ta san adadin. Mu da muke ƴan ƙasa, mutum nawa cikinmu zai iya ba da labarin mace ɗaya daga cikinsu, me ta baro, wa ya ba ta bashin kuɗin mota, me aka ce mata za ta samu? Idan ƙungiyoyin Turai suka zo rubuta rahoto kan ƙaura, mu ne adadi, su ne masu sharhi. Ƙanenmu kuma da ke shirin fita ba abin da yake gani sai hoton yayansa a Facebook, jingine da motar da ba tasa ba. Wanda ya dawo da ciwo ko bashi ya yi shiru saboda kunya. Da labaran gaskiya na hanya suna rubuce da Hausa, da daɗinsu da wuyarsu, da wani ya fasa, wani kuma ya tafi da shiri.

Na san abin da za a ce, an ma faɗa mini a fada. Wai su suna da fansho da fasfo mai buɗe kowace ƙofa, tafiyarsu zaɓi ce, tamu tilas ce. Mai gudun ɗan sanda a Oran ina ya ga natsuwar rubutu? Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Tsohuwar nan ta shigo Gana ta ƙofar gaba, ɗan Maraɗi mai neman bizar ƙasarta kuwa ya san irin kallon da ake yi masa. Wani ya ƙara da cewa yawancin ƴan ci-raninmu ba su yi lakwal ba. Shi ma haka ne. To amma wa ya kai mu aika saƙon murya? Kowane dare dubban mintoci na shigowa ta WhatsApp daga Libiya da Saudiyya da Kodebuwa, mutane na ba da labarin aiki da cuta da dariya da kewa, da Hausa mai daɗi wadda ba ɗan jaridar da zai iya ƙirƙira. Idan salula ta cika a goge, idan an sace ta shi ke nan. Aikin da ya rage na masu ilimin ne, mu da muka yi makaranta: mu nemi izini, mu adana, mu mayar a rubuce, da boko ko da ajami, mu sakaya sunan wanda ke tsoro.

A nan laifin ya fi yawa a kanmu ƴan jarida. An koya mana rubuta labarin taron bita da jawabin buɗewa da na rufewa, kuma shi muke yi, saboda a nan ake raba kuɗin mota. Kundin da aka amince da shi a 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Madalla. Me yaro zai karanta da ita bayan sanarwar gwamnati? Kafa irin wannan da kuke karantawa za ta iya ware fili ɗaya a mako don labarin matafiyi guda, daga bakinsa, ba gyaran fuska. Ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna waje, masu tara kuɗi don kai gawa gida, za su iya ware kaɗan don a naɗi muryar tsofaffinsu tun suna da rai. Ba ya buƙatar tallafin kowa.

Daren da zan baro Akra na ajiye salula a gaban kawu na ce, “Kawu, ina so ka ba ni labarin zuwanka, daga ranar da ka bar gida.” Ya ce, “Kai ma Baturiyar ta shafa maka?” Ya yi dariya, ya gyara zama, ya fara. Ya yi magana fiye da awa ɗaya. Ya faɗi yadda ya sayar da akuyar innarsa ba da saninta ba ya yi kuɗin mota. Ya faɗi 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su bar Gana, yadda ya kwana uku a bayan shagon wani Ashanti da ya ɓoye shi, alhali abokansa na cikin manyan motoci ana kai su iyaka. Ya faɗi tashin kasuwar albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, da yadda tsofaffin abokan cinikinsa suka watse. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya gaya wa Baturiyar, don ba ta san ta tambaya ba. Ƴaƴansa da ke zaune a ɗakin ma ba su taɓa jin zancen Ashantin nan ba.

Na kwafe maganar a rubuce, shafi 14 ta ba ni, na aika wa ɗan kawuna ya karanta masa. Bayan kwana biyu saƙon murya ya shigo. Kawu ne, yana cewa na yi kuskure: akuyar ba ta innarsa ba ce, ta kishiyarta ce, kuma in gyara kafin mutanen gida su gani.